Daga Kano zuwa Bakin Teku: Kundin Ƙaurata zuwa Legas

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Daga farkon wannan wata aka mayar da ni ofishinmu na Marina da ke tsibirin Legas, kuma na ƙudiri aniyar riƙa rubuta yadda ƙaurar ke tafiya har zuwa lokacin da iyali za su iso mu zauna daram. Abin da ke gabana shi ne samun gidan hayar da albashina zai iya ɗauka, da gano hanyar zuwa aiki wadda ba za ta cinye mini rabin yini ba, sannan in san garin da ƙafata maimakon labarin da ake ba mu a gida. A yanzu na sauka a Agege wurin kawuna, wanda ya daɗe yana harkar goro a can, a cikin unguwar da mutum zai wuni bai ji buƙatar wani harshe ba in ban da Hausa.

Na zo a lokacin da bai dace da baƙo ba. Tun ranar 9 ga wata aka fara babban gyara a gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda ta taso daga Oworonshoki ta sauka a Adeniji Adele. Hannu ɗaya kawai ake bi: daga tsakar dare zuwa tsakar rana na masu shiga tsibiri ne, daga tsakar rana kuma a juya wa masu fita. Duk wanda ya saɓa wa wannan tsari sai ya gangara titin Ikorodu ya nemi gadar Eko ko ta Carter, inda gosulo ke jiransa. Ina barin Agege da zarar an sallame sallar asuba, in shiga danfo, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Oshodi, in sake wata motar, amma duk da haka rana kan ɗaga sosai kafin in zauna a kujerata.

Amfanin gosulon kan gada guda ɗaya ne, wato mutum yana samun sukunin kallon ruwa. Ta hannun dama ana hango Makoko, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe su, ƙananan yara suna tuƙa kwalekwale su kaɗai. Gaba kaɗan ga gumaguman itace an ɗaure su jere suna yawo a bakin Oko Baba, inda masu yankan katako suke. Da na yi wa Kawu ƙorafin hanya, sai ya ce: "Ɗana, in ka je wurin dillali kada ka tambaye shi nisan gida da ofis. Ka tambaye shi gada nawa ce a tsakani, kuma wacce."

Asabar, 3 ga Fabrairu

Neman gida ya fara da Yaba, Ebute Metta da Surulere, domin su ne ke bakin gadoji ta ɓangaren tudu. Ɗaki biyu da falo a waɗannan unguwanni ya fi ƙarfina, kuma kuɗin hayar ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, kuma wasu dillalan sai an biya su kuɗin ƙafa kafin su nuna gidan da watakila an riga an bayar da shi. Na lura da wani abu da ya zama mini ma'auni: a jikin bangon gidaje da yawa akwai wani layi mai duhu da fenti bai iya ɓoyewa ba, wanda ke nuna iyakar inda ambaliya ta kai a daminar da ta wuce. Yanzu shi nake fara dubawa kafin in ɗaga kai in ga rufi.

Wani abokin aikina Bayarabe ya ba ni shawarar in duba Ikorodu, a arewacin tafkin Legas, wato ruwan da gadar Third Mainland ke ratsawa. Ta mota tafiya ce mai nisa ta Mile 12 da Ketu, amma shi da jirgin ruwa yake zuwa aiki, kuma ya ce haya a can ba ta kai ta Yaba ba ko kusa. Ban ba shi amsa ba, domin ban iya iyo ba, kuma ruwan da na sani bai wuce na Tiga da Challawa ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Gani ya kori ji. A wannan mako na gwada jirgin daga tashar Ipakodo da ke Ebute a Ikorodu zuwa tashar CMS, wadda ke dab da ofis.

Jiragen iri biyu ne. Akwai na gwamnatin jiha, LAGFERRY, waɗanda suka fi girma da natsuwa, ana biyan kuɗinsu da katin Cowry, wato katin nan da ake shiga manyan motocin bas na BRT da jirgin ƙasa da shi. Akwai kuma ƙananan jirage masu gudu na 'yan kasuwa, masu rufi da inji a baya, waɗanda ke tashi da zarar sun cika. A bakin tasha ana rubuta sunan kowane fasinja da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, a miƙa masa rigar kariya daga nutsewa, kuma ba a tashi sai kowa ya ɗaura tasa. Tawa ta jiƙe da gumin wanda ya riga ni, igiyarta ɗaya ta tsinke, sai na nemi a sauya mini, aka kuwa sauya ba tare da musu ba. Da direba ya ba inji wuta, goshin jirgin ya ɗaga sama, ƙasansa ya riƙa dukan ruwa da ƙarfin da nake ji har cikin ƙashin bayana. Na riƙe ƙarfen kujera ina karanta addu'ar hawa abin hawa, yayin da matar da ke kusa da ni ta ciro madubi tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. A tsakiyar tafki inji ya shaƙe, direba ya kashe shi, yaronsa ya sunkuya ya zare leda daga farfela, muka ci gaba. Babu wanda ya ɗaga kai daga wayarsa sai ni.

Mun sauka a CMS cikin ƙasa da awa ɗaya. Kuɗin ya fi na BRT nesa, amma na yi lissafin abin da zan rage a haya da kuma sa'o'in da zan fansa, na ga cinikin ya faɗa. Na sanar da dillali ya mayar da nemansa Ikorodu.

Lahadi, 24 ga Maris

Na karɓi mabuɗi a farkon wata, kafin azumi ya kama ranar 11. Gidan yana kan tudu, tafiyar ɗan lokaci a Keke zuwa tasha, kuma babu layin ambaliya a bangonsa. Mai gidan dattijuwa ce da kowa ke kira Mama. Ta gindaya mini sharaɗin biyan kason man janareta da na gyaran famfon bohol, na amince.

Batun ruwa ya ba ni mamaki fiye da komai. Gari ne da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ga ruwan sama mai yawa, amma ruwan famfo na gwamnati ba ya kai wa mafi yawan gidaje. Kowa da bohol ɗinsa, wanda ba shi da shi kuma ya dogara da 'yan garuwa, waɗanda yawancinsu 'yan uwanmu ne daga Arewa da Nijar. Ruwan gidanmu yana fitowa garau, amma in ya kwana a bokiti sai ya bar jan ƙasa a gindi saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, kuma ya riga ya ɓata mini farar shadda guda. Na sayi matata, na kuma ware ruwan sha daban.

Azumi a nan ya zo da nasa lissafin. Rana tana faɗuwa a Legas bayan ta faɗi a Kano da kusan minti ashirin, don haka iyali kan kira ni sun sha ruwa alhali ni ina kan tafki da dabino a aljihu. An hana jirage tafiyar dare, saboda haka duk wanda ya yi jinkiri a ofis ya rasa jirgin ƙarshe, sai ya koma layin BRT a tashar TBS ya yi buɗa-baki a mota. Tarawihi kuwa ina yin ta a Sabo, inda Hausawan Ikorodu suke da masallatai da kasuwa, kuma a can nake samun ƙosai da kunun tsamiya. Ranar Juma'a ina zuwa Babban Masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe ginin da ke tsaye yanzu a 1988. Ba nisa da shi akwai masallacin Shitta-Bey na 1894, ƙarami, da fasalin ginin da 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil suka kawo. Duk wanda ke zaton Musulunci baƙo ne a bakin teku, ya je ya tsaya a ƙofarsa.

Asabar, 13 ga Afrilu

An buɗe gadar Third Mainland gaba ɗaya ranar 4 ga wata, kuma masu zuwa da mota sun sami sauƙi. Ni dai na zauna a kan jirgina. A farkon watan ne kuma aka ƙara kuɗin wutar lantarki ga rukunin da ake kira Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a yini, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Layinmu bai shiga rukunin ba, wanda ke nufin mun tsira daga kuɗin kuma mun rasa wutar, duk da cewa tashar Egbin mai ƙarfin megawat 1,320 tana nan kusa da mu a Ijede.

Na yi amfani da hutun Sallah na zaga Onikan da Obalende. A gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1957, na tsaya a gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Na tashi ina wuce masallacin da aka binne shi a harabarsa a Kano, amma ban taɓa kawo wa raina cewa kisan ya faru ne a cikin cunkoson safiya irin wanda nake shiga ba, a hanyarsa ta zuwa barikin Dodan ba tare da rakiya ba. Dangantakar Hausawa da wannan yanki ta girmi wannan da yawa, domin tun 1863 jami'in Birtaniya John Glover ya haɗa ƙaramar rundunar Hausawa a Legas, wadda sojojin Najeriya ke ɗauka a matsayin tushensu, kuma Obalende ta samo asali ne a matsayin mazaunin sojoji.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau na ga teku da kansa. Abin da nake tsallakawa kullum tafki ne, marar zurfi sosai, wanda kogin Ogun da wasu koguna ke zuba a cikinsa, kuma ƙofa ɗaya ce tak ke haɗa shi da tekun Atlantika, wato mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa Apapa da Tin Can. Daga CMS na shiga jirgi zuwa Tarkwa Bay, wadda ba a zuwa sai ta ruwa. Mun ratsa ta gefen wani jirgin kwantena da ya tsaya a kanmu kamar dutsen Dala, igiyar da ya tayar ta ɗaga mu ta sauke.

A bakin mashigar akwai dogayen katangun duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa cikin teku tsakanin 1908 da 1912, domin yashi ya daina toshe hanyar jirage. Sun cimma burinsu, amma sun jawo wata matsala da garin ya yi kusan ƙarni yana biyan kuɗinta. A wannan gaɓa igiyar teku tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangun suka tare shi, sai ya taru a yamma, gabas kuma ta daina samun rabonta, teku ya riƙa cin gaɓar Bar Beach har ruwa ya kai ga mamaye titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic: an yaso yashi daga ƙarƙashin teku an cike wurin, an kewaye shi da katangar duwatsu da siminti, ana gina sabon birni a kai. Victoria Island ta tsira, amma mazauna gaɓar da ke gabas da ita, wajen Alpha Beach da Okun Ajah, suna kukan cewa cin ya koma kansu. A ganina, kare unguwar masu hali ba laifi ba ne, sai dai lissafin bai cika ba muddin ba a saka wanda aka tura wa ruwan a ciki ba.

Haka kuma a ƙarshen Afrilu aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark a Oniru domin titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700. Bar Beach, inda a dā kowa ke zuwa kyauta, babu ita. Yawancin gaɓar da ta rage a ɓangaren Lekki sai an biya kuɗin shiga. Talakan Legas yana zaune a bakin teku, amma yana iya shekara bai taka yashinsa ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Jiya aka wuni ana ruwa tun kafin asuba. Iyana Oworo, wato mahawar gadar Third Mainland, ta cika har motoci suka tsaya cak, Lekki da wasu unguwanni suka koma fadama. Ban je ofis ba, kuma babu wanda ya tambaye ni dalili. Gidanmu bai sha ruwa ba, amma layin da ke gangarowa tasha ya zama kwata guda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin garin bai ɗara teku da wani tsayi ba, an cike fadamun da ke shanye ruwa an yi gini a kai, magudanai sun toshe da leda da robobi, kuma idan ruwan sama ya haɗu da cikowar teku, tafkin kan ƙi karɓar abin da magudanai ke kawo masa, sai ruwan ya koma da baya. Wannan ya zo ne a kan ɓarkewar kwalara da gwamnatin jiha ta sanar a watan jiya, wadda ta fi tsanani a tsibirin Legas inda nake aiki. Na daina cin abincin bakin titi a Marina, ina tafiya da ruwana.

Jirgin ma ya sauya hali da damina. Hadari kan taso a tsakiyar tafki cikin ɗan lokaci, ruwa ya yi duhu, igiya ta riƙa watso mana ta gefen tamfol. Direbobin kirki sukan ƙi tashi, fasinjoji su yi ta faɗa. Na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: in na ga gabas ta haɗe, BRT zan bi ko da zan makara.

Asabar, 24 ga Agusta

Iyali sun iso, a cikin ɗan tsagaitawar ruwan da Legas ke samu a watan Agusta. An yi wa yara rajista a makaranta da Islamiyya a Sabo. Uwargida ta buɗe akwatin da na ajiye a kusurwa ta tarar takalma da hulunana sun yi fumfuna, wuƙaƙen kicin sun yi tsatsa, ta tambaye ni ko a rijiya nake kwana. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawar da ta zo da su mun zuba su a robobi masu murfi, domin laimar nan ba ta barin komai a buɗe. Tumatir da albasa da tattasai kuwa a Mile 12 take saye, daga hannun mutanen da suka sauke su daga motocin Kano da Sakkwato. Ta ce ba za ta hau jirgin ruwa ba, kuma ba ta yarda yara su hau ba. Ban matsa ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ƙarin kuɗin fetur na farkon Satumba, da wanda ya biyo baya a wannan wata, sun taɓa lissafina kai tsaye, domin ƙananan jirage da fetur suke tafiya kuma injinansu na sha da yawa. Kuɗin jirgi ya tashi, layin masu jiran na gwamnati ya ƙara tsawo. Yanzu ina tafiya ta ruwa da safe, in dawo ta BRT a ranakun da ba na sauri.

Ranar 15 ga wata jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, ta Agege, Ikeja, Oshodi da Yaba. Da yana nan a watan Janairu, da zaman Agege ya zo mini da sauƙi, kuma Kawu bai bar wannan magana ta wuce ba: "Ka ga abin da gaggawa ta ja maka, da yanzu kana kusa da mu." Sai dai jirgin yana tsayawa ne a Oyingbo, bai tsallaka zuwa tsibiri ba tukuna, kuma zirga-zirgarsa kaɗan ce a yini. Blue Line ce ke shiga Marina, amma ita daga Mile 2 take tasowa, kilomita 13 ta yamma, ba ta da amfani ga mai zama a Ikorodu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Abin da abokin aikina bai faɗa mini ba a Fabrairu shi ne ciyawa. Tun watan jiya wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, mai kauri da shuɗin fure, ta fara taruwa a bakin Ipakodo, kuma a wasu safiyoyin tana rufe tashar har ido ba ya ganin ruwa, sai kore shar. Jirage kan kutsa a hankali, farfela ta naɗe, a tsaya a sare, a sake tashi. Wata rana kuma a ce babu tafiya gaba ɗaya. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa tana kawo injin kwashe ta, amma iska ɗaya ta dare kan dawo da wadda ta fi ta jiya.

Asalin ciyawar daga Kudancin Amurka ne, kuma ta shigo ruwan Legas a tsakiyar shekarun 1980 ta wajen Badagry. Ba ta jure gishiri. Da damina koguna kan cika tafkin da ruwan daɗi, musamman idan aka saki madatsar Oyan da ke kan wani reshen kogin Ogun, sai ta yaɗu ta gangaro da ruwan. Idan rani ya kama, koguna suka ja baya, ruwan teku ya shigo ya ƙara wa tafkin gishiri, sai ta mutu ta nutse da kanta. Ikorodu tana kusa da bakin Ogun, shi ya sa ta fi kowa shan wahalarta. Ma'ana, hanyar da na gina zamana a kanta tana da watannin da ba a dogara da ita, kuma dole a saka su a cikin lissafin shekara kamar yadda ake saka kuɗin haya.

Asabar, 28 ga Disamba

Mun je Badagry da yara ta mota. Mun ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da ɗakunan da Seriki Williams Abass ya riƙa tsare bayi, ƙanana, masu ƙaramar taga guda a sama. Na gaya wa babban ɗana cewa daga cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa, waɗanda suka yi bore a Bahia ta Brazil tun 1807, kuma daga nan ne Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya kama hanya a 1825 zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda Baturen ya rasu a 1827. Zuwa tsibirin Gberefu, inda bayi ke takawa zuwa bakin teku, sai an tsallaka ruwa a jirgi. Uwargida ta daɗe tana kallon mashigin, sannan ta karɓi rigar kariya ta ɗaura wa ƙaramar da kanta, ta duba igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, muka shiga.

Hayar gida za ta ƙare a ƙarshen Fabrairu, kuma Mama ta aiko cewa za a yi ƙari. Kafin in ba ta amsa zan duba gidaje a Ebute Metta kusa da tashar Oyingbo, in kwatanta kuɗinsu da abin da jirgi ya ci mini a bana, har da watannin ciyawa da na hadari. Ciyawar ta fara ja baya a Ipakodo tun shigowar hazo, amma hazon kansa yana sa a jinkirta jirgin farko har sai an iya hango gaba. Epe da kasuwar kifinta, da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, suna cikin wuraren da ban kai ba, na sa su a watan Janairu.